Ranar da Guduma Ya Tona Mini Asiri

Wasu daga cikinku sun rubuto mini cewa ina yabon mutumin nan fiye da kima. Yau zan faɗa muku dalili, kuma ni ba zan fito da kyau a cikin labarin ba. Wanda ba ya iya jin maganar gindin kare, ya tsaya daga nan. Ni ma da haka nake, za ku ga inda ƙyamar ta kai ni.

Ga wanda yau ya fara karantawa: shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon buga takardu, ni ce auta a gidanmu, yayyena mata biyu tuni suka yi aure. Babana kafinta ne, rumfar aikinsa manne take da gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakani. Akwai Mama, akwai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda ta mayar da rashin aurena aikin yinta. Ba ta shigowa gidanmu ta fita ba ta tambaye ni ko bangon ɗakina nake jira ya yi magana ba.

Shi kuma zan kira shi Dogo, don haka abokan aikinsa suke kiransa. Shagonmu ya zo buga katin rigakafin dabbobi, saboda haka tun ranar farko na san aikinsa. Ma'aikacin jinya ne a asibitin dabbobi. Shi ke riƙe su, shi ke wanke musu rauni, shi ke yi musu allura in likita ya rubuta. Bai taɓa ɓoye mini ba. Ni ce na ɓoye.

Ranar da Mama ta tambaye ni abin da yake yi, cewa na yi yana aiki a asibiti. Na tsaya nan. Mama ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, kafin yamma maƙwabta sun ji Auta ta samo likita. Ina ji, ina gani, ban gyara ba. Har a wayata na canja sunansa zuwa Likita, don in ya kira wayar tana kan tabarma kowa ya gani. Kada wata ta ce mini wannan ba ƙarya ba ce. Ƙarya ce. Wanda ya faɗi rabin magana don a fahimce shi ba daidai ba, ya san abin da yake yi.

Muna da kare mai gadin katakon Baba, sunansa Guduma. Ja ne, ƙato, ya fara tsufa, ya yi ƙiba saboda ragowar shinkafa da romo da ake juye masa kullum. Baba ba ya shafa shi, amma ba ya cin abinci sai ya tabbatar an ba shi. Sati uku kafin ranar da nake ba ku labari, Guduma ya fara wani abu. Sai ya zauna ya miƙe ƙafafun baya, ya riƙa jan gindinsa a kan siminti daga bakin rumfa har zuwa famfo. In ya gama ya juya yana lasar ƙarƙashin wutsiyarsa. Wani wari kuma ya fara tashi a inda yake kwanciya, kamar kifin da ya kwana uku a rana.

Mama ta yi dariya a ranar farko. Gwaggo ta ce tsutsar ciki ce, babu wata tantama, ta raini yara bakwai ta san alamarta. Aka aike ni na sayo maganin tsutsa. Bai daina ba, na sake sayowa. Sau uku.

Yanzu ku dubi abin da na yi. Ina da mutumin da wannan ne aikinsa, muna magana da shi safe da yamma. Saƙo ɗaya ya isa. Na ma ɗauki bidiyon Guduma yana ja, na buɗe shafin Dogo a waya, na ɗora yatsa a kan alamar turawa, sai na goge. Na san in ya gani zai zo da akwatin aikinsa, in ya zo kuma Likita ya mutu. Na zaɓi sunan da ke wayata a kan dabbar da take kuka duk lokacin da za ta yi bayan gida.

Ranar Asabar aka sa zai zo gaida Baba da ƙarfe huɗu. Da safe na kasa daurewa, na rubuta masa gaskiya: a gidanmu an ɗauka likitan mutane ne, don Allah in sun ce Likita ya bar su, yau kawai. Ya karanta. Sannan ya rubuto: “Ba zan fara shiga gidanku da ƙarya ba. Amma in ba a tambaye ni ba, ba zan kunyata ki ba.” Na sa wayar a caji na je na goge kujeru.

Mama ta canja labulen falo zuwa mai ruwan toka da take ajiyewa don baƙi. Ta fito da kofunan gilashi shida masu bakin zinare, ta kuma ajiye ledar magungunan gwiwarta a gefen kujera, wai tunda Allah ya kawo likita gida ai ba a bar shi ya tafi haka nan ba. Ni na sa doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, da farin mayafi, na fesa turare har Gwaggo ta yi atishawa ta ce ko gawa za a tayar. Aka ce a ɗaure Guduma a bayan rumfa, kada ya ba mu kunya.

Huɗu saura minti biyar na ji babur ɗinsa. Farar riga ya sa mai dogon hannu, an goge ta har karin ya tsaya, da baƙin wando da takalmin da na san sabo ne don yana ɗan ɗingisawa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya gaida Gwaggo da irin ladabin da ya sa ta kalle ni ta gefen ido ta gyaɗa kai. Ni ina bakin ƙofar kicin da faranti a hannu.

Baba mutum ne mai ƙarancin magana. Ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi unguwarsu, ya kalli hannuwansa fiye da fuskarsa, don Baba hannu yake fara dubawa a jikin namiji. Mama ta jawo ledarta ta fara bayanin gwiwa. Dogo ya saurare ta har ƙarshe, ya ce wannan sai wanda ya rubuta mata maganin, kada ta canja komai da maganar wani. Mama ta ɗauka kunya ce ta suruki. Na sauke numfashi.

A lokacin Guduma ya yi ƙara daga bayan rumfa. Ba haushi ba ne. Wata siririyar ƙara ce, irin wadda yake yi kwanan nan in ya tsuguna. Na ga kan Dogo ya juya tun kafin ƙarar ta ƙare. Ya koma ya fuskanci Baba, amma kunnensa ya riga ya fita. Da ƙarar ta sake zuwa, sai ya ajiye kofinsa ya tambayi Baba ko karen ba shi da lafiya ne. Baba ya ce tsutsa ce ta ƙi jin magani, ya kwatanta masa jan gindin da warin. Dogo ya kalle ni. Kallo ɗaya ne, gajere. Na sunkuyar da kai ina kallon maɓallan hannuna.

“Baba, in ka ba ni izini, zan duba shi.”

Gwaggo ta ce haba, likita guda da kare, da wannan farar rigar? Baba ya ce a bar shi, ya tashi da kansa ya buɗe ƙofar rumfa. Muka bi su, ni da Mama da Gwaggo, muka tsaya a bakin ƙofa kan garin katako.

Dogo ya je wajen babur ɗinsa ya buɗe akwatin baya. Safar hannu ta roba, takunkumin yadi, auduga, 'yar kwalbar man santsi, komai a jere kamar kayan aikin Baba a bango. Bai nufi karen kai tsaye ba. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya juya masa gefe, ya yi masa magana ƙasa ƙasa har Guduma ya miƙo hanci ya shinshina bayan hannunsa. Karen da masu kawo katako suke tsoro. Sannan ya sa masa takunkumi, ya ce ba don mugu ba ne, don mai ciwo yana iya cizon wanda yake so. Ya roƙi Baba ya riƙe masa kan a jikin gwiwarsa. Shekara tara karen nan yana gidanmu, ranar na fara ganin hannun Baba a kansa.

Ya ɗaga wutsiyar a hankali, yana aiki yana yi wa Baba bayani, ba ya rage murya kamar mai faɗin abin kunya. Ya ce kowane kare yana da 'yan jakunkuna biyu a ƙarƙashin fata, a gefe da gefen dubura. In aka ɗauki wurin kamar fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe huɗu, ɗaya wajen ƙarfe takwas. Wani ruwa mai wari suke tarawa, wanda karnuka suke gane juna da shi, shi ya sa suke shinshinar bayan juna. In kashin kare yana da tauri, shi ke matse su su zubar da kansu duk lokacin da ya tsuguna. In kuma kullum mai laushi yake yi, ko ya yi ƙiba, sai ruwan ya taru ya yi kauri ya toshe. Jan gindin nan ƙoƙari yake ya sauke abin da ya dame shi. Tsutsa ma takan sa haka, amma in an ba da magani ba a ga canji ba, ga kuma warin kifi, to a daina ɗura masa magani a duba nan.

Baba ya ce shi dai bai taɓa sanin akwai agogo a wurin ba. Mama ta toshe baki da mayafi tana dariya.

Ya shafa man, ya tara auduga, ya sa yatsu biyu ya matsa ɓangaren hagu a hankali. Guduma ya yi nishi. Abin da ya fito ruwan ƙasa ne mai kauri, kuma bai tsaya a audugar ba. Wani ya yi tsalle ya sauka a hannun farar rigar, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Warin ya cika rumfar nan take. Turaren da na fesa bai yi minti ɗaya a gabansa ba. Gwaggo ta ja baya har ta taka gwangwanin ƙusa, tana salati. Ni ma na ja baya, ba zan yi muku ƙarya ba. Shi ko kallon rigar bai yi ba. Ya goge wa karen wurin, yana ce masa sannu, an kusa.

Sai ya taɓa ɓangaren dama da bakin yatsa kawai, Guduma ya zabura har Baba ya ƙara riƙo. Dogo ya sunkuya ya duba da kyau, ya saki wutsiyar, ya fara cire safar hannu.

Baba ya ce ya ƙarasa ɗayan mana, tunda an fara.

“Wannan ba na matsa ba ne, Baba. Ya kumbura, ya yi zafi, ya zama ƙurji. In na matsa zan iya fasa shi ta ciki, kuma azabar ta yi masa yawa. Sai an sa shi barci an buɗe an wanke, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta. Aikin likita ne.”

“To kai fa?” in ji Gwaggo daga bakin ƙofa.

Ya miƙe tsaye, da safar a dunƙule a hannu ɗaya, da tabon a hannun riga. Bai kalle ni ba.

“Ni ba likita ba ne, Gwaggo. Ma'aikacin jinya ne a asibitin dabbobi. Irin wannan da kika gani, shi ne aikina. Wata rana nakan yi wa karnuka biyar kafin azahar.”

Mama ta juyo ta dube ni, ta koma ta dubi ƙofar falo inda ledar magungunanta take. Gwaggo ce ta fara samun baki. Ta ce ashe mai matsar gindin karnuka aka shimfiɗa wa labule, ta ce da wane hannun zai ci abinci da 'yar mutane, ta ce najasa fa, ta ce me za a gaya wa maƙwabta. Dogo ya tambayi Mama inda famfo yake, ya ɗaure safar da audugar a leda, ya je ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, sau da yawa, a natse, kamar yadda na tabbata yake yi kullum.

Baba bai saki kan Guduma ba. Ya bar Gwaggo ta gama, sannan ya ce mata najasa ruwa ke tafiyar da ita, kuma ga shi tana gani ana yi. Ya ce shekara talatin yana koyar da mutane aikin katako, waɗanda suka fi yi masa ɓarna ba jahilai ba ne, masu jin kunyar cewa ban iya ba ne. Su ne suke sa zarto a katakon da ya fi ƙarfinsu su lalata shi. Ya ce mutumin da aka kira likita a gaban iyayen yarinyar da yake so, aka miƙa masa hanyar da zai ci gaba da zama likita, ya ce a'a, nan iyakata, shi bai ga abin da zai tambaye shi kuma ba.

Sannan ya juyo gare ni. Ba tsawa ya yi ba, da ma ya yi.

“Auta, kin san aikinsa tun yaushe?”

Na ce tun farko.

“Kuma ke kika riƙa sayo maganin tsutsa.”

Dogo yana bakin famfo, ruwa yana zuba a hannunsa. Ya rufe famfon. Ya tambayi Baba, ba ni ba, kwana nawa karen ya yi yana ja. Baba ya ce sati uku. Dogo ya ce da a satin farko aka duba, minti biyar ne, da ba a kai ga ƙurji ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Baba ya shiga ya ɗauko masa rigarsa ɗaya. Hannunta bai kai masa ko rabin damtse ba, Mama ta kasa riƙe dariya duk da ranta a ɓace yake. Suka shimfiɗa buhu a bayan motar ɗaukar katako, suka ɗora Guduma su biyu. Kafin su tafi ya tsaya ya yi wa Mama bayani, don ita ke ba karen abinci: a rage romo da maiƙo, a rage yawan abincin gaba ɗaya, a ƙara masa abin da zai sa kashinsa ya yi tauri, a riƙa sakinsa yana tafiya. Ya ce kuma kada wani ya ga abin da ya yi yau ya ce zai riƙa matsa masa duk sati, jakar da take zubar da kanta ba a taɓa ta, yawan matsa ma ciwo yake jawowa. Mama ta ce to, Likita, sai ta kama bakinta. Ya yi murmushi ya ce ba komai, Mama. Ni bai yi mini sallama ba. Farar rigar ya bari a kan bencin Baba, a naɗe, tabon a ciki.

Ku 'yan mata masu karanta wannan, ban ce kowa ta so kare ba. Ni ma har ranar ban taɓa taɓa shi ba. Amma na tsaya a bakin ƙofa da turarena ina toshe hanci, shi yana tsugune cikin wari yana ce wa dabba sannu, kuma duk wanda yake rumfar ya ga waye mai tsabta a cikinmu.

Wajen biyar da rabi Baba ya kira Mama ya ce an yi wa Guduma aikin, an wanke, za su taho da shi da wata roba a wuya don kada ya lashi wurin. Na duba wayata. Babu saƙo. Na rubuta ka yi haƙuri, na goge. A ɓoye na faɗa masa gaskiya da safe, a ɓoye kuma na so ya rufa mini asiri. Ba haƙurin ɓoye ake bina ba yanzu.

Gwaggo tana falo tana shan shayi a kofin bakin zinare, maƙwabciyarmu ta shigo jin yadda aka yi da Likita. Gwaggo ta buɗe baki za ta gyara labarin, na riga ta. Na danna wurin ɗaukar murya a shafin Dogo, na riƙe wayar a fili, na ce wa maƙwabciyar ba likita ba ne, ni na bari aka ɗauka haka. Ma'aikacin jinya ne na dabbobi, yau ya matse wa karenmu ruwan da ya toshe masa a gindi, ya gano ƙurjin da ni na bari ya yi sati uku, kuma shi nake so in aura in har yanzu yana so. Na kai ƙarshe. Na tura. Maƙwabciyar ta ce to, Allah ya sa alheri, ta fita da sauri fiye da yadda ta shigo. Gwaggo ta ce na gama da kaina a layin nan. Mama ta miƙo mini sabulu ta nuna bencin Baba da haɓa.

Ina tsugune a bakin famfo ina cuɗa hannun farar rigar, warin yana shiga har maƙogwarona, wayar ta yi ƙara a kan bokiti. Na goge hannu a jikin shuɗiyar rigata na ɗauka. Ya saurari saƙon. Bai ce ya yafe ba, bai ce yana so ba.

“Jibi ƙarfe tara za a sake wanke wa Guduma wurin. Baba yana da aiki. Ana bukatar wanda zai riƙe masa kai.”

Na daɗe ina kallon tafin hannuna. Sannan na shiga wajen sunaye, na goge Likita, na rubuta masa cewa ban san yadda ake riƙewa ba.

Ya ce, “Na sani. Ki zo da rigar da ba kya jin tausayinta.”